Nonon Gwaggo Hawwa'u

Unguwal Magarya, ta Dogon Kiriya
Janairu, 1959

Zuwa ga taubashina Abdu,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata ka isa Kangiwa lafiya, ƙafafunka sun huce. Babana Bitrus, kawunka, yana gaishe ka, yana sa ka cikin addu'a. Da kwanakin da ne, da na fara da "bawana ɗan mace" in tsokane ka har ka kumbura, amma yau bakina ya ƙi wasa. Habsatu mai goro za ta kawo maka takardar nan cikin huhunta. In ka karanta, ka sa ta wuta.

Abdu, ka daure. Washegarin fitarka jandarmomi, 'yan sandan gwamnati, suka zo da hantsi bisa dawaki. Ba su tambayi kowa hanya ba, kai tsaye suka nufi gidanku. Da ba su same ka ba, sai suka kama ƙanenka Jatau yana gyaran darni. Ya ce musu shi ko taron jam'iyya bai taɓa zuwa ba, suka ce ƙane ya san inda wansa yake. Baba ya bi su har biro, ofishin hukuma, a Dogon Dutsi, aka ce ya dawo gobe. Da ya koma aka ce an wuce da su arewa cikin kamiyo, babbar motar kaya. Gwaggo Hawwa'u ba ta yi kuka gaban mutane ba. Ta tsaya bakin ƙofa har dawakin suka ɓace, sannan ta koma kan dakanta.

Garin nan ba za ka gane shi ba. Tun ƙuri'ar I da A'a kan rabuwa da 'yan mulkin mallaka aka fara hararar juna, amma ana cin tuwo tare. Zaɓen majalisa na watan jiya shi ya ƙarasa mu. Da aka karanta sakamako, sai aka ce waɗanda suka jefa wa ɓangarenku a garin nan ba su taka kara sun karya ba, alhali ni da idona na ga rabin gari suna binka wajen taro. To, ko dai an musanya akwatin a hanya, ko kuwa mutane sun yi maka rantsuwa sun je sun sa wani abu dabam cikin ambulan. Ba wanda ya san wanne ne, kuma rashin sanin nan shi ke cin mu. Wa na kallon ƙane, miji na kallon mata. A rijiya matan ɓangaren da ya ci suna ɗiba da safe, naku da la'asar. Jiya an yi suna gidan maƙeri, tabarmi sun fi mutane yawa.

Ga maganar da ba na so in rubuta. Ana cewa abokinka Ɗantala ne ya nuna gidanku. Shi ya raka akwatin zuwa Dutsi, shi aka ba shugabancin komitin gari, kuma an gan shi tsaye da jandarmomin a gindin gawo kafin su shigo. Ban ji abin da ya faɗa musu ba, ba kuma wanda ya ji. In na tuna ku biyu a filin kokawa, an kayar da ɗaya ɗayan ya shiga ramuwa, sai in ce ba zai yiwu ba. Sai kuma in tuna yadda dawakin nan suka san hanya. Yanzu har 'yan ɓangarensa tsoronsa suke. Da ya iso wajen zaman maza sai hira ta koma ta tumaki. Matarsa Balki tana da ciki, ita kaɗai take zuwa rijiya da tsakar rana.

Kada ka dawo tukuna. Ni da Baba muna kula da Gwaggo. Allah ya tsare ka.

Taka,
Odile

*

Kangiwa
Maris, 1959

Odile,

Bayan sallama da gaisuwa. Takardarki ta zo, na karanta, na ƙone ta, amma tana nan tana ci a cikina. Ki gai da Kawu, ki yi masa godiyar wahalar da ya sha.

Ina wajen wani maɗinki a bakin kasuwa, ina yi masa guga da sa maɓalli, yana ba ni wurin kwana. Nan ma su da nasu jam'iyyun, ran kasuwa har jifa ake yi. Ban sa baki. Baƙo ba shi da bakin magana.

Kin ce ba wanda ya ji abin da Ɗantala ya faɗa. Ke dai kin daɗe wajen masera, matan cocin nan, sun koya miki kyautata zato. Doki ya san gidanmu ne? Ni na raka mutumin nan neman auren Balki. Ƙwarya ɗaya muke sha tun muna kiwon awaki. Ran zaɓe da safe ya kama hannuna ya ce, "Abdu, ko wa ya ci, gari namu ne." Da hannun nan ya ɗauki akwati ya hau kamiyo. Na san mutanen da suka jefa mana, na san gidajensu. Ina ƙuri'unsu suka shiga? Ko kuwa su ma ƙarya suka yi mini? In haka ne, to wa ya rage a garin?

Jatau bai san komai ba. Yaron da ko kaza ba ya iya yankawa. Ni ya kamata a ɗaure, shi aka ɗaure, ni kuwa ina nan ina goge rigunan mutane. Na so in juyo in miƙa kaina, maɗinkin ya ce in na je ba sakinsa za a yi ba, Inna ce za ta rasa biyu.

Ki shaida, Odile: tsakanina da Ɗantala babu, duniya da lahira. Abin da ya fito daga gidansa, ko ruwa ne, ya haramta gare ni. Ki faɗa wa Inna ta toshe kafar darnin nan da ke tsakanin gidanmu da nasa.

Ki riƙa rubuto mini kome. Kada ki ɓoye don tausayi. Na bar ku lafiya.

Abdu

*

Unguwal Magarya
Mayu, 1959

Zuwa ga Abdu,

Gaisuwa da fatan kana lafiya cikin zafin nan. Babu labarin Jatau har yanzu. Ka ce kada in ɓoye maka kome, to ga shi, ka zauna kafin ka karanta.

Balki ta rasu. Naƙuda ta zo mata da gardama, aka aika wa tsohuwa ungozoma, ta ce ƙafarta na ciwo. Ka san ɗanta na cikin mutanenka. Sai aka kira ni, don ɗan abin da na koya a gidan likita na mishan. Yaron ya fito da rai, namiji, amma jini ya ƙi tsayawa. Kafin a ɗaura wa shanu amalanke a kai ta likita, rai ya yi halinsa. Waɗanda suka raka ta kushewa ba su da yawa.

Sai maganar nono. Akwai masu goyo a garin nan, amma ba wadda ta miƙa hannu. Matan ɓangarenku suka ce ba sa shayar da ɗan mai tsegumi. Na ɓangarensa kuwa tsoro ya hana su, ga dalili: watan jiya Gwaggo ta tafi Lugu da ƙafa, wajen masu duba na bori, sai gari ya ɗauka cewa sunan Ɗantala ta kai, shi ya sa iska ta buge Balki, kuma duk wadda ta ba yaron nono za ta kwashi rabonta. Na tambayi Gwaggo, ta ce, "Na tahi in ji ko ɗana na da rai. Mi zan yi da sunan wani?" Amma wa ke yarda da maganar wani yanzu?

Shatu ta rugar makiyaya ce kaɗai ta taimaka. Ita ba ruwanta da ƙuri'armu, kullum tana aiko da madarar akuya. Ina ɗura masa, cikinsa na ƙi. An raɗa masa suna Inusa ba taro ba kiɗa. Yana ta ramewa, fatarsa ta tattare kamar ta tsoho. Gwaggo ba ta toshe kafar darnin ba, saboda haka duk kukansa a kunnenta yake.

Ran Laraba da hantsi muna tsakar gida tana tankaɗe, sai ta ajiye rariya ta ce, "Kukan nan ya sake." Gaskiyarta, ya zama kamar na ɗan kyanwa. Ta tashi ta ɗaure zane. Ba ta bi ta kafar darni ba, ta fita ta ƙofa ta zaga ta titi inda kowa zai gan ta. Kafin ta kai ƙofar Ɗantala mutane sun biyo ta, masu tulu da masu sanda.

Muka same shi tsaye da yaron a hannu, idonsa ja. Ta ce, "Ba ni shi."

Ya ce, "Inna Hawwa'u..."

"Na ce ba ni shi."

Wata daga baya ta yi ihu, "Kada ka ba ta! Ta gama da uwar, ɗan ta zo ƙarasawa!" Ɗantala ya ja da baya har ya jingina da rumbu. Ya dube ni ya ce, "Odile, yaya zan yi?" Ni ma a lokacin ban san abin da ke zuciyarta ba. Ita kuwa tana tsaye, hannuwanta biyu a miƙe, ba ta sauke ba. Can sai ya matso, ya sa mata yaron a hannu, ya juya ya kifa kansa a jikin rumbu.

Gwaggo ta kife turmi ta zauna, ta kwance zanenta, ta sa masa nono a baki. Nonon da rabonsa da ruwa tun yayen Jatau. Wani ya yi dariya. Ba ta ɗaga kai ba ta ce, "Rijiya in ta ƙahe, yasa ta akai." Yaron ya kama, yana tsotsa, babu kome. Da ya gaji ta goya shi ta fita da shi, mutane suka dare mata hanya.

Yanzu yana ɗakinta. Talle take ce masa. Tana shan kunun kanwa da wasu saiwoyi da Shatu ta kawo, ni kuma in yana tsotsa sai in riƙa ɗiga madarar akuya a jikin nonon don kada ya yi zuciya ya saki. Ban san ko zai rayu ba. Abin da na gani ke nan.

Ka huta lafiya.

Odile

*

Kangiwa
Yuni, 1959

Odile,

Sallama. Allah ya ji ƙan Balki, ita ba ta yi mini kome ba.

Amma wannan wane irin abu ne kuka tsaya kuna kallo? Ke da Kawu kuna ina? Nonon da na sha, nonon da Jatau ya sha, shi za a sa a bakin ɗan mutumin da ya sa aka ɗaure shi? Ɗanta na can ba a san ko yana samun ruwan sha ba, ita tana shan kunu don ɗan Ɗantala!

Bar ta wannan ma. Ku yi tunani. Tsohuwa ce, ba ta da nono, ba za ta yi ba. Yaron nan mutuwa zai yi, kuma a ɗakinta zai mutu. Sannan me gari zai ce? Waɗanda suka ce ita ta kashe uwar, su za su rantse ita ta kashe ɗan. Uban shugaban komiti ne, kalma ɗaya zai yi dawakin nan su dawo. Wa zai tsaya mata shaida a garin da ba wanda ya yarda da wani?

Ki karanta mata wannan, kada ki tsallake kome. Ta mayar da yaron gidan ubansa tun yana numfashi. Ban taɓa yi mata musu ba tunda aka haife ni, amma in ta ƙi, to ta ɗauka ta zaɓa, ni kuma ba ni da sauran abin faɗi.

Abdu

*

Unguwal Magarya
Yuli, 1959

Zuwa ga Abdu,

Gaisuwa. An yi ruwa, an yi shuka, sai gonarku da ta kwana ba mai nome ta. Na karanta wa Gwaggo takardarka, amsarta na ƙasa. Amma bari in fara da nawa, don abin ya fi ƙarfin in riƙe.

Abdu, nono ya zo.

Tsoron da ka ji ni ma na ji shi. Akwai ranar da yaron ya daina ko motsi, na ce da Baba mu shirya. Gwaggo ba ta fasa ba, kan nononta har ya tsage yana jini, ta shafa man shanu ta mayar masa. Wata safiya muna gindin zogale, ina ɗiga madara kamar kullum, sai ta kama hannuna ta ce, "Tsaya." Na tsaya. Na kasa kunne. Sai na ji maƙogwaronsa yana haɗiya, ƙut, ƙut, alhali ludayin na hannuna. Na ga fari yana taruwa a gefen bakinsa yana gangarowa wuya. Na yi aiki da masera, na ga haihuwa, na ga mutuwa, ban taɓa ganin abu irin na ranar ba. Na durƙusa a wurin, ban san ma wace addu'a na yi ba.

Labari ya zaga, gidan ya cika. Ka san halin da muke ciki, sai aka fara cewa dabara ce, madarar akuya muka ɓoye. Tsohuwa ungozoma ta ture mutane ta ce ita ba a yi mata wasa da ido. Ta kama nonon da hannunta ta matsa, ya yi tsartuwa har wuyan hannunta. Ta duba, ta lasa, sai ta zame ta zauna a ƙasa tana salati. Bayanta mata suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya, na safe da na la'asar, suna leƙawa suna rufe baki. Tun zaɓe wannan ne abu na farko da garin nan ya gani ya yarda gaba ɗaya.

Kowa da fassararsa. 'Yan bori sun ce doguwa ce ta huce ta mayar da abin da ta ɗauka. Baba ya ce a Littafi ma an yi tsohuwar da ta shayar. Liman ya ce ikon Allah ne, ya kuma ƙara da wata magana da ya ce lalle in sanar da kai: yaron da ya ƙoshi da nonon mace ya zama ɗanta, 'ya'yanta sun zama 'yan'uwansa. Ban ƙara kome a kai ba.

Ga maganar Gwaggo, na rubuta ta yadda ta fito daga bakinta. Ka san ba ta faɗin sunanka.

"Kai na Kangiwa, ni ta uwakka. Na ji maganakka duka. Ka ce na zaɓa. Ni ba ni da sauran zaɓe, wanda kunka yi ya ishe ni. Ban san abin da anka zuba cikin akwati ba, kai ma ba ka sani ba. Kuka dai na ji da kunnena, shi na sani. Ina jin shi ina cewa, can inda ƙanenka yake, in ya yi kuka, Allah sa akwai wata tsohuwa bayan bango.

"Uban yaro ya zo, ya durƙusa, wai zai hwaɗa min wata magana bisa ranar da anka kama Jatau. Na ce mai ya riƙe abinai. In ya ce shi na, nono shi yi ɗaci, yaro shi sha ɗaci. In ya ce ba shi na ba, ba ni yarda. To mi amfaninta? Ban ce na yahe mai ba. Ban ce kai ka yahe ba. Wannan tsakaninku da Allah.

"Da anka haihe ka ban yi nono da wuri ba, matar maƙwabci ta ba ka har nawa ya zo. Ban tambaye ta ra'ayin mijinta ba. Ka ci abinci, ka yi salla, ka bar yawan magana cikin kasuwa. Allah shi yi ma albarka ko kana hushi."

Nan ta tsaya. Sai mun ji daga gare ka.

Taka,
Odile

*

Unguwal Magarya
Mayu, 1960

Zuwa ga Abdu,

Gaisuwa da ta'aziyya. Na rubuta maka da kaka, na rubuta da sanyi, Habsatu ta ce ta ba ka hannu da hannu, ba ka amsa ba. Ban yi fushi ba. Amma wannan dole ka karanta ta.

Jatau ya rasu. Allah ya ji ƙansa, ya ba ka haƙuri. Wani mutumin Sukukutane da aka sako, wanda suka zauna ɗaki ɗaya a gidan kaso, shi ya zo takanas ya faɗa. Ya ce masassara ce ta kama shi tun lokacin sanyi, bai daɗe ba. Ya ce 'yan'uwansa fursunoni sun yi masa wanka da salla, kuma har ya cika bai zagi kowa ba, Inna kawai yake kira.

Da Gwaggo ta ji, wannan karon ta yi kuka, kukan da ban taɓa ji ba. Na ɗauke Talle na kai shi gidanmu, don na ce ganinsa zai ƙara mata, kuma na ji tsoron abin da zai biyo baya. Tsorona bai tashi banza ba. Da aka zauna makoki, samarin ɓangarenku suka taru a bakin titi da sanduna, ana cewa yau gidan Ɗantala sai toka. 'Yan ɓangarensa su ma suka fito suka tsaya ta ɗaya gefen. Liman da Baba suna tsakani suna ba da haƙuri, ba mai jinsu.

Ana cikin haka sai ga Ɗantala, shi kaɗai, ba ko sanda. Ya ratsa ta gaban samarin ya zo ƙofar gidanku, ya zauna a ƙasa ba shimfiɗa, nesa da tabarmi, ya sunkuyar da kai. Na ce a raina ya zo ne a kashe shi. Samarin suka fara matsowa.

Sai muryar Gwaggo daga cikin gida: "Odile, ina yaron? Lokacin shansa ya wuce." Na ce, "Gwaggo, yau dai ki huta, na dama masa kunu." Ta ce, "Ɗauko min ɗana." Na ruga na ɗauko shi. Ba ta karɓe shi a ɗaki ba. Ta fito zaure, ta fito ƙofar gida cikin maza, abin da mai makoki ba ta yi, ta zauna bisa dakali ta sa masa nono. Hawayenta na sauka a kansa, shi kuwa bai san kome ba, yana sha yana wasa da ƙafa, ya miƙa hannu yana taɓa mata haɓa.

Abdu, ban san yadda zan kwatanta maka shirun da aka yi ba. Gari guda a tsaye, kana jin kukan kurciya. Na ga manyan maza suna kau da kai. Na ga sanduna suna sauka ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya ce a sauke. Ni kaina sai na ji kamar ina wurin da ya kamata in cire takalmi.

Da yaron ya ƙoshi ta ɗaga kai ta dubi samarin ta ce, "Ni anka yi wa mutuwa, ko ku?" Ta ce, "To ku ba mutumin can tabarma. Gaisuwa ya zo." Sai maƙeri ya tashi ya ja tasa tabarmar ya kai masa. Ranar an yi addu'a sahu ɗaya.

Ba zan ce maka gari ya warke ba. Har yanzu akwai masu sauya hanya in sun hango juna, har yanzu ana rage murya in baƙo ya wuce. An ce watan Agusta za mu sami mulkin kai, mutane sun ce sai sun gani. Amma ungozoma tana shiga kowane gida yanzu, kuma a rijiya an fara cuɗanya. Ɗantala ya ajiye shugabancin komiti, bai faɗi dalili ba. Ko shi ne ya nuna gidanku, ko ba shi ba ne, har yau ban sani ba, ina jin kuma ba zan taɓa sani ba.

Saura magana ɗaya, ita ce ke son amsa da gaggawa. Gwaggo ta rame ƙwarai, shayarwa na cin ta, rumbunta kuma babu kome tunda bara ba a nome gonar ba. Namu ma ya yi ƙasa. Ɗantala ya zo wajen Baba ya roƙa a bar shi ya nome gonarku bana, duk abin da aka samu a zuba a rumbunta. Gwaggo ta ce gonar ta ubanku ce, mai ita yana Kangiwa, ita ba ta da ta cewa. Hadari ya fara haɗuwa a gabas. In ka yi shiru, za mu ɗauka ka ƙi, kuma ba wanda zai ga laifinka.

Allah ya ba mu haƙuri baki ɗaya.

Taka har kullum,
Odile

*

Kangiwa
Yuni, 1960

Odile, taubashiyata,

Sallama. Daga Allah muke, gare shi za mu koma. An yi wa Jatau addu'a a masallacin kasuwa. Na gode da ba ki daina rubutowa ba.

Na karanta takardarki ban iya ƙone ta ba. Ina ta ƙoƙarin in ga Inna bisa dakalin nan, in na gan ta sai in rasa inda zan sa kaina. A cikinta na kwanta, ashe ban san ta ba.

Ban yafe wa Ɗantala ba, kada a faɗa masa haka. Amma ya nome gonar. Ya fara ta gefen kwari, can ne gero ke yi, tudun kuma ya sa wake. Kada ya jira ruwa na biyu.

Ki durƙusa gaban Inna a madadina, ki ce na ji, ta yafe mini maganar bara. Ta riƙa cin abinci. Ban san ranar zuwana ba, amma ina nan tafe in hanya ta yi sauƙi. Ki gai da Kawu, ki gai da Shatu.

Naki,
Abdu

Ba ki faɗa mini ba, ƙanen nawa ya fara tafiya?